Kwalin Baba Mai Huji Tara

A gidansu ba wanda yake kiran ta da sunanta na gaskiya. Tsaf-tsaf ake ce mata. Kaka ce ta laƙaba mata sunan tun tana ƴar shekara huɗu, ranar da aka same ta a bakin ƙofa tana jera takalman baƙi daga babba zuwa ƙarami. Baƙin nan sai da suka sha wahala kafin kowa ya gane nasa.

Yanzu shekararta goma sha ɗaya, tana aji shida. Hali kuwa yana nan daram. Littattafanta a jere suke bisa tsawo. Fensiranta ma haka. Idan ta ga hoto ya karkace a bango, abinci ba ya shiga bakinta sai ta tashi ta daidaita shi.

Babanta malamin makaranta ne, amma duk ranar hutu sai ya rikiɗe ya zama mai gyara. Shi ne ya gyara ƙofar banɗaki, shi ya sa har yau ba ta rufuwa sai an buge ta da kafaɗa. Shi ne ya gyara famfon kicin, shi ya sa ake murɗa shi baibai.

Da Mama ta ga ya ɗauko akwatin kayan aiki, sai ta ce, "To, yau kuma mene ne ya yi laifi a gidan nan?"

Amma a faɗi gaskiya, a kan mota Baba ba ya wasa. Motar tsohuwa ce, shuɗiya, ta girmi Tsaf-tsaf nesa ba kusa ba. Dattijuwa suke ce mata. Baba ya san tarinta, ya san nishinta. A ɗan garejin da ke gefen gida take kwana, tare da tsofaffin tayoyi, da gwangwanayen fenti, da wani keke da aka yi shekara uku ana cewa gobe za a gyara shi.

Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu. Shekara guda ke nan ba ta ganin komai sai inuwa. Da hannu take gane abubuwa, kuma tana da dabaru iri-iri. Idan tana so ta san yawan man da ya rage a kwalbar da take shafa wa gwiwoyinta, sai ta ce, "Ƙawata, zaro mini tsinke ɗaya daga tsintsiya."

Sai ta tsoma tsinken har ƙasan kwalba, ta zaro, ta shafa da yatsa ta ji inda ya jiƙe.

"Saura na kwana uku," in ji ta. Kuma ba ta taɓa yin kuskure ba.

Likitan ido ya ce zai iya cire yanar. Ya ba Kaka rana. Wata huɗu suka yi suna jiran ranar nan. Asibitin yana da nisa, tafiyar awa biyu ce a mota, kuma dole a isa ƙarfe takwas na safe. Wanda ya makara, sai ya sake jiran wasu wata huɗun.

Kullum Tsaf-tsaf sai ta soke rana ɗaya a kalandar falo. Kaka ta yi mata alkawari.

"Ranar da aka buɗe mini ido, ke zan fara kallo," in ji Kaka. "In ga ko hancin nan naki ya samu ya ɗan miƙe."

"Kai, Kaka! Ai hancinki na gado."

"Ƙarya kike yi. Nawa har layi ake yi a zo kallo."

Ana saura kwana biyu, sai Dattijuwa ta fara rigima. Baba ya dawo daga aiki, hayaƙi yana fita ta gaban mota, ruwa yana tsiyaya ta ƙasa. Ya buɗe bonet, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Famfon ruwa ne ya mutu," in ji shi. "Shi ne yake zagaya da ruwa cikin inji don kada ya yi zafi. Idan babu shi, ko ƙarshen layin nan ba za mu kai ba."

"A kira bakanike mana," in ji Mama.

"Na kira. Ya yi tafiya, sai mako mai zuwa. Gobe hutu ne, ni zan yi da kaina."

Mama ta kalli ƙofar banɗaki, ta kalli Baba.

Washegari tun da sassafe Baba ya shiga gareji. Daga cikin gida ana jin ƙarar sifana, ana jin yana magana shi kaɗai. Wajen ƙarfe goma ya fito da tsohon famfon a cikin leda, hannayensa baƙi ƙirin.

"Zan kai shi shagon kayan mota a ba ni irinsa," in ji shi. "Ku saurara da kyau. Kada kowa ya taɓa mini komai a garejin nan. Ko tsumma."

"To, Baba," in ji Tsaf-tsaf.

"To, Baba," in ji ƙanenta Auta, ɗan shekara biyar.

Bayan ya fita, Mama ta miƙa wa Tsaf-tsaf tsintsiya.

"Share mini ƙofar gareji. Waje kawai na ce."

Ta share waje tas. Da ta tsaya a nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma ƙofar garejin a buɗe take, ita kuma sai ta leƙa.

Wayyo! Sifanu a warwatse a ƙasa. Tsummoki ko'ina. Kofin shayi a kan taya. A kan benci kuwa ga wani yagaggen kwali, an yi masa wani karkataccen zane da biro, kamar dankalin da aka taka. An huda shi wuri tara. A kowane huji an soka noti ɗaya mai tsawo, irin wanda ake ɗaure ƙarfe da shi. Dogo kusa da gajere, gajere kusa da matsakaici, duk sun yi baƙi da mai.

Tsaf-tsaf ta ji hannunta yana ƙaiƙayi.

"Yaya, Baba ya ce kar a taɓa," in ji Auta daga bakin ƙofa.

"Kai yake nufi, don kai ɓarna kake yi. Ni taimakonsa zan yi."

"Ya ce kowa."

"Tafi ka yi wasanka."

Ta tattara sifanun ta rataye su a bango daga babba zuwa ƙarami. Ta linke tsummoki. Sannan ta zo kan kwalin. Ta zare notunan ɗaya bayan ɗaya. Ta goge kowanne har ya yi ƙyalli. Ta jera su a kan wata kantar bango bisa tsawo, kamar ɗalibai a filin taro. Kwalin kuwa ta riƙe shi da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara.

Ta ja da baya ta kalli aikinta. Daɗi ya kama ta. Har ta fara jin irin yabon da Baba zai yi mata.

Da azahar Baba ya dawo, yana rungume da sabon famfo, yana fito da baki. Tsaf-tsaf ta biyo shi a baya tana murmushi. Ya shiga gareji. Fiton ya tsaya.

"Ina kwalina?"

"Na zubar, Baba. Ya yi datti. Ga notunanka can na goge maka."

Baba ya kalli kantar. Ya ajiye famfon a hankali. Ya zauna a kan taya, ya dafe kai da hannu biyu. Bai tambayi wanda ya yi ba. A duk faɗin gidan, mutum ɗaya ne zai jera noti bisa tsawo.

"Me na ce kafin in fita?"

Murmushinta ya ɓace. "Ka ce kada a taɓa komai."

"Ɗauko kwalin."

Ta ruga ta ciro shi daga kwandon shara, ta kakkaɓe ganyen shayi. Baba ya ɗora shi kusa da sabon famfon. A nan ne ta gani. Zanen nan da ta raina, siffar famfon ce sak. Famfon yana da huji tara, kwalin ma yana da huji tara, kowanne a wurinsa.

"Notunan nan ba tsawonsu ɗaya ba," in ji Baba. "Ramukan da suke shiga a jikin inji ma ba zurfinsu ɗaya ba. Kowane noti da raminsa. Shi ya sa duk wanda na kwance, sai in soka shi a kwali daidai inda ya fito. Kwalin nan shi ne yake tuna mini."

"Ai ga kwalin nan, Baba," in ji ta da ƙaramar murya.

"Ga kwali. To, wane noti ne a wane huji?"

Ta kalli hujin farko. Ta kalli notuna tara masu ƙyalli. Ta yi ƙoƙari ta tuna. Babu abin da ya zo mata. Lokacin da take zare su, dattinsu kawai take gani.

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na ji. Je ki ciki, ki bar ni in yi tunani."

Bai daka mata tsawa ba. Da ma ya yi, da ta fi jin sauƙi.

Ba ta shiga ciki ba. Ta laɓe a bayan ƙofa tana kallo. Baba ya ɗora famfon a jikin inji. Ya ɗauki noti, ya gwada a nan, ya gwada a can. Ya rufe ido yana ƙoƙarin tunawa. Wasu ya san wurinsu. Wasu kuwa sun yi kama da juna ƙwarai, sai dai ya yi canki. Wurin matsattse ne, hannunsa da ƙyar yake shiga. Sau biyu sifana tana kuɓuce masa, ya bugi yatsa.

Awa biyu ya yi yana fama. Ya mayar da bel, ya mayar da tiyo. Ya cika lagireto da ruwa. Ya tayar da mota.

Dattijuwa ta yi tari ta tashi. Auta ya fara tsalle. Sai Baba ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ruwa yana ɗiga a kan siminti. Baba ya kashe mota.

Mama ta fito tana goge hannu. "Yaya dai?"

"Yana yoyo. Akwai notin da ba a raminsa yake ba. Wani ya yi wa raminsa tsawo, ya taɓa ƙasa kafin ya matse famfon. Idan na ƙara ɗaure shi da ƙarfi, jikin injin zai iya tsagewa. Wannan kuma ya fi ƙarfina."

"Maƙwabcinmu fa? A ari motarsa."

"Tun jiya ya tafi da iyalinsa."

"Motar haya?"

"Sau uku za mu canja. Da gwiwoyin nan nata? Ko da asuba muka fita, ba za mu kai takwas ba."

Ashe Kaka tana zaune a bakin tagarta, tana jin komai. Idonta ne ba ya gani, kunnenta ras yake.

"Ku daina wahalar da kanku," in ji Kaka. "Wanda ya yi shekara yana jira, wata huɗu ba za su gagare shi ba."

Tsaf-tsaf ta shiga ɗakin Kaka a sanyaye. Ta same ta a bakin gado. Ƴar jakar da ta haɗa tun mako guda da ya wuce tana kan cinyarta. Tana lalube, tana fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Zane. Buroshi. Ƙaramin madubin da ta ce za ta duba fuskarta da shi bayan aiki. Ta shafa madubin da tafin hannu, ta tura shi ƙarƙashin filo.

Nan fa Tsaf-tsaf ta fashe da kuka.

"Ni ce, Kaka. Ni na jawo."

"Na sani. Na ji lokacin da Auta yake hana ki."

"Ni so na yi in taimaka."

"Na san haka ma. Amma kin tambayi mai aikin irin taimakon da yake so?"

"A'a."

"To, ki gani. Ni kaina, kwanaki da kika gyara mini teburin nan, kwana biyu na yi ina neman maganina. Ban faɗa miki ba ne don kada ki ji babu daɗi. Ke kina ganin hargitsi. Ni kuwa hannuna ya san inda komai yake."

Kunya ta kama Tsaf-tsaf. Ba ta taɓa sanin haka ba.

Kaka ta janyo ta, ta share mata hawaye da gefen mayafi. "Ya isa. Kuka ba ya ɗaure noti. Gwiwata ta dame ni. Miƙo mini kwalbar mai, ki zaro mini tsinke."

Tsaf-tsaf ta kawo. Kaka ta tsoma tsinken har ƙasan kwalba, ta zaro, ta shafa.

Tsaf-tsaf ta zuba wa tsinken ido. Kaka ba ta ganin cikin kwalba, amma tsinke ya faɗa mata abin da ke ciki. Baba ma ba ya ganin cikin ramukan nan.

Ta miƙe zumbur. Ta ɗauki tsintsiyar ta yi waje da gudu. Amma da ta kai ƙofar gareji sai ta ja birki. Ta tsaya a waje, ta ɓoye hannayenta a baya.

Baba ya riga ya sake kwance komai. Yana zaune, notuna tara a gabansa.

"Baba, in shigo? Ba zan taɓa komai ba. Magana ce da ni."

Ya ɗago kai. "Shigo."

"Idan muka tsoma tsinke a kowane rami, ba zai faɗa mana zurfinsa ba? Kamar yadda Kaka take yi da kwalbarta."

Baba ya kalli tsintsiyar. Ya daɗe yana kallon ta.

"Zai faɗa," in ji shi a hankali. "Sai dai hannuna ba ya kaiwa ramukan ƙasa sosai. Kuma sai wani ya riƙe famfon a wurinsa."

"Nawa hannun ƙarami ne."

"Za ki yi baƙi da mai."

Ta kalli farar rigarta. "Ba komai."

Suka fara. Baba ya taɓa injin ya tabbata ya huce. Ya rubuta lamba ɗaya zuwa tara a kan hujojin kwalin. Ya ɗora famfon a jikin inji ya riƙe shi gam. Tsaf-tsaf ta hau kan taya, ta zura hannu. Ta tura tsinke ta hujin farko har ta ji ya taɓa ƙasa. Ta dafe bakin hujin da farce, ta zaro, ta karya tsinken daidai wurin.

"Auta, kawo salatif," in ji Baba.

Auta ya ruga ya kawo. Aka manna wa tsinken ƴar takarda mai lamba ɗaya.

Na biyu. Na uku. Mai ya shafe ta har gwiwar hannu. A rami na shida tsinken ya karye a hannunta, suka sake. A na takwas goshinta ya bugi bonet, ta ce "wash", ta ci gaba.

"Yi sauri, ƴar nan. Famfon nan ya fara nauyi," in ji Baba.

"Saura ɗaya, Baba."

Tsinke tara suka cika. Baba ya ajiye famfon yana yarfe hannu.

"To, yanzu ga aikin da kika fi kowa iyawa," in ji shi. "Jera."

Ta jera notunan bisa tsawo. Ta jera tsinkayen bisa tsawo a ƙarƙashinsu. Dogon tsinke ya samu dogon noti. Gajere ya samu gajere. Kowane noti ya ɗan gaza tsinkensa kaɗan, kuma Baba ya ce haka ake so.

Sai aka zo kan biyu masu kama da juna. Baba ya ɗaga su ya duba.

"Waɗannan ai ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Baba."

"Ɗaya ne mana."

"Tsayar da su a kan benci ka gani."

Ya tsayar da su. Ta ɗora rula a kansu. Rular ta karkace. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo da abin da bai kai faɗin fensir ba. Idon da yake gane karkataccen hoto daga ƙarshen falo ba zai rasa wannan ba.

"Dogon na lamba uku ne," in ji ta. "Ɗayan na lamba bakwai."

Baba ya buga cinya. "Ni kuwa juya su na yi! Ga ɓarawon nan."

Ta soka kowane noti a hujinsa na kwali, da hannunta. Dogo kusa da gajere, gajere kusa da matsakaici. Yanzu ba ta ga muninsu ba ko kaɗan.

Baba yana ɗaurewa, tana miƙa masa. "Lamba ɗaya." Ta miƙa. "Lamba biyu." Ta miƙa. Kowanne ya shiga sumul, ya matse.

La'asar ta yi nisa lokacin da suka sake cika lagireto. Mama ta fito. Kaka ma ta lallaɓo da sandarta, aka kawo mata kujera.

Tsaf-tsaf ta ruga ciki ta yago farar takarda daga littafinta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta tambayi Baba, ya ce to. Ta shimfiɗa takardar a ƙarƙashin mota, daidai inda ruwa ya ɗiga ɗazu.

Baba ya tayar da Dattijuwa. Suka tsaya suna jira. Minti biyar. Minti goma. Baba ya kashe mota, ya janyo takardar, ya miƙa wa Kaka.

Kaka ta shafa ta gaba da baya.

"A bushe take," in ji ta. "Ƙawata, je ki mayar mini da madubina cikin jaka."

Auta ya yi ihu. Mama ta yi dariya ta ce, "Yau dai an yi gyara a gidan nan ba a ɓata wani abu ba."

"Ƙofar banɗaki ce ta gaba," in ji Baba.

"A'a, ka rufa mana asiri!"

Da suka zo wanke hannu a bakin famfo, Baba ya miƙa wa Tsaf-tsaf sabulu.

"Tsaftarki abu ne mai kyau," in ji shi. "Yau ita ta ɓata aikin, ita kuma ta gyara shi. Kin san bambancin?"

"Da safe ban tambaya ba. Da yamma na tambaya."

"Shi ke nan. Kin gama karatun yau."

Sau uku ta wanke hannu, amma baƙin man bai fita daga ƙarƙashin farcenta ba.

Washegari Dattijuwa ta kai Kaka asibiti tun ƙarfe takwas saura kwata. Ko tari ba ta yi ba a hanya. Aka yi aiki lafiya. Kaka ta kwana a can tare da Mama, idonta a rufe da bandeji.

Ranar da za a buɗe, Baba ya nemo wa Tsaf-tsaf izini a makaranta, ya tafi da ita. Kaka ta ce a tsayar da ita daidai gaban gado.

"Likita, ka matsa gefe idan ka cire," in ji Kaka. "Akwai wadda na yi wa alkawari."

Likita ya yi dariya, ya warware bandejin a hankali, ya matsa.

Kaka ta ƙifta ido. Ta sake ƙiftawa. Hawaye ya gangaro mata. Ta daɗe tana kallo.

"Kaka, kina gani na?"

"Ikon Allah," in ji Kaka. "Yaushe kika yi wannan tsawon?" Ta kama fuskarta da hannu biyu. "Hancin dai yana nan yadda na bar shi."

Kowa ya yi dariya, har da likita. Tsaf-tsaf tana dariya tana kuka.

Sai Kaka ta kama hannayenta ta juya su. Ta ga baƙin mai a ƙarƙashin kowane farce.

"Tsaf-tsaf da baƙin farce?"

Da can da ta ɓoye hannun a bayanta. Yau ba ta ɓoye ba.

"Na motar da ta kawo ki ne, Kaka."

Kaka ta ɗora hannayen a kan kumatunta, ta riƙe su a nan.

A kan ɗan teburin gefen gado, kayan Kaka suna nan birjik. Kofi, magani, madubi, buroshi, kowanne ya kama gabansa. Tsaf-tsaf ta gan su. Hannunta ya fara ƙaiƙayi. Ta dunƙule shi.

"Kaka, in gyara miki teburin, ko in bar shi?"

Kaka ta kalli Baba, Baba ya kalli Mama.

"Gyara, ƙawata," in ji Kaka. "Yanzu duk inda kika ajiye, zan gani."

Tun daga ranar Tsaf-tsaf ta riƙe darasinta. Abin da ka gani kamar hargitsi, wataƙila tsarin wani ne. Kada ka taɓa aikin mutum sai ka tambaye shi. Idan kuma ka yi kuskure, kada ka tsaya a kuka. Ka nemi gafara, ka nemi izini, ka sa hannu a gyara.